Ƙwaron da ke Taya Manomi Gadin Lambu

Jama'a, ba kowane ƙwaro ne abokin gābar manomi ba. A lambunan Kabong da sauran wuraren noman rani na Jos, inda ake noma kabeji da tumatir da dankalin Turawa, akwai wani ɗan ƙwaro da ya kamata a san shi, a kuma bar shi da ransa. Masana suna kiransa Cheilomenes lunata.

Girmansa bai kai ƙwayar wake ba. Bayansa a kife yake kamar 'yar ƙwarya, baƙi ne mai sheƙi, da dabbare-dabbaren ja ko rawaya. In an taɓa shi, sai ya fitar da wani ruwa rawaya mai ɗaci daga gaɓoɓin ƙafafunsa, saboda haka tsuntsaye suke ƙinsa.

Abincinsa shi ne kwarkwatar ganye, wato ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ruwan shuka, su bar darɓa a kanta, su kuma yaɗa cuta daga wannan shuka zuwa waccan. Kada a raina ɓarnarsu. Irinsu ne suka yaɗa annobar da ta halaka gyaɗa a Arewacin Nijeriya a shekarar 1975.

Macen takan jera ƙwai rawaya a ƙarƙashin ganye, kusa da taron kwarkwatar. Bayan 'yan kwanaki sai tsutsa ta ƙyanƙyashe, doguwa, mai duhun launi da ƙafafu shida. Ba ta kama da iyayenta ko kaɗan, shi ya sa manoma da yawa suke murƙushe ta bisa kuskure, alhali kuwa ita ma kwarkwatar take ci dare da rana. Daga nan sai ta manne a jikin ganye, ta rikiɗa ta zama cikakken ƙwaro.

Amfanin danginsa sananne ne a duniya. A shekarar 1888 an kai wani ɗan'uwansa daga Ostareliya zuwa Kalifoniya ta ƙasar Amurka, ya ceci gonakin lemo daga ƙwarin da suka addabe su.

Sai dai a lura, akwai wasu masu kama da shi da ke cin ganyen kabewa da guna. Su ba su da sheƙi, bayansu dishi-dishi ne saboda siririn gashi.

Don haka ana roƙon kowane manomi ya juya ganye ya duba kafin ya ɗauki bututun feshi. Maganin da aka fesa barkatai yakan kashe mai gadi tare da ɓarawo, kuma ɓarawon ne ke riga dawowa. In feshi ya zama dole, a nemi shawarar malamin gona tukuna.