A RAGE TUWO, A ƘARA MIYA: Jawabin da Aka Gabatar a Daɗin Kowa, Jos



Sau da yawa idan likita ya tabbatar wa mutum yana da ciwon sukari, sai ya daina zuba sukari a shayi, yana zaton ya gama. To, da sauran rina a kaba. Tuwon shinkafa, teba, sakwara, burodi, har da dankalin Turawan nan namu na Filato, duk sukari suke komawa cikin jini bayan an ci su. Ita kanta accar da ake yabo, sai an auna ta.

Wannan jan kunne ya fi shafar 'yan'uwanmu mazauna Agege da unguwar Sabo ta Ibadan, waɗanda kan karya da burodi, su yini da teba, su kwana da shinkafa.

Ga dabara: a raba kwano huɗu. Kashi biyu ganye, kamar zogale, alayyahu da kabeji. Kashi ɗaya kifi, ƙwai ko nama. Kashi ɗaya tak tuwo. A bar lemon kwalba, a sha ruwa.

Amma mai shan magani ko yin allurar insulin kada ya rage cimarsa sai da shawarar likita, domin sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma. A riƙa gwada jini.

Sakaci kan jawo makanta, ciwon ƙoda da yanke ƙafa. Wanda kuwa ya tafi kudu neman halaliya, idonsa da ƙafarsa su ne jarinsa.

Allah ya ba mu lafiya, amin.