Kafin A Ba Kafinta Kafin Alƙalami

(Jawabin da ɗaya daga cikin malamanmu mata ta gabatar a taron ƙungiyar taimakon kai da kai ta reshe. Mahalarta ne suka nemi a buga shi domin waɗanda ba su samu zuwa ba.)

 

Da sakatare ya sanar cewa zan yi magana a kan ɗakin girki, na hango wasu daga cikin maza suna murmushi, wataƙila a ransu suna cewa wannan zancen mata ne. Ina roƙonsu su yi haƙuri su ba ni aron kunnuwansu. Mace ce ke tsayuwa a kicin, amma sau da yawa sunan maigida ne a takardar rance. Wanda duk ya taɓa zama a kwamitin rance na ƙungiyarmu ya san cewa bayan kuɗin makaranta da na asibiti, gyaran gida da kayan ɗakin ɗiya suna cikin abubuwan da ke kawo mu gaban ma'aji. A yau kuwa, da wuya a yi wa amarya jere ba a kafa mata kabet a kicin ba. Saboda haka maganar ta shafe mu duka.

Zan fara da abin da ya same ni, domin kada a ɗauka daga littafi na karanto.

Shekara uku da suka wuce, Allah ya nufe mu da kammala ɗan gininmu a bayan gari. Na karɓi rancen wata goma a nan ƙungiya don in gyara kicin. Kafintoci uku suka yi mini kuɗi. Biyu farashinsu ya yi kusa da juna, na ukun kuwa ya sauko ƙasa sosai, ga shi da ladabi, ga wayarsa cike da hotunan kicin masu ɗaukar ido. Ban tambaye shi ko shi ya yi su ba. Na ba shi kashi uku cikin huɗu na kuɗin a zama ɗaya, ba takarda, ba shaida. Ya ce mako uku, aiki ya ci wata uku. Ranar da ya gama, maƙwabta suka yi ta shigowa kallo suna sa albarka.

Ashe bututun da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke yana ɗiga kaɗan-kaɗan, allon da ya yi amfani da shi kuma irin wanda ba ya shiri da ruwa ne. Kafin damina ta fita, allon ya kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi, ƙofofi suka saki, kyankyasai suka samu gida. A watan da aka cire mini kashi na bakwai daga albashi, rabin kabet ɗin yana jingine a tsakar gida. Sauran wata ukun, bashin abin da ya riga ya mutu na biya. Mai aikin kuwa lambarsa ta daina shiga. Ban zo nan don in yi masa Allah ya isa ba, domin rabin laifin nawa ne. Hausawa sun ce araha ba ta ado, na san karin maganar, har na koyar da ita a aji biyar, amma ban yi aiki da ita ba.

Daga baya na sake aikin a hannun wani dattijon kafinta, kuma a wurinsa na koyi yawancin abin da zan faɗa.

Abu na farko, kafin a nemi kowa, mutum ya tambayi kansa: gidan nan nawa ne ko na haya? Da yawanmu a haya muke, haka ma yawancin amaren da muke kaiwa. Abin da aka kafa a bangon wani, ko dai a bar masa shi ranar tashi, ko a ɓamɓare shi ya lalace. Mai haya ya sa a yi masa kabet mai tsayuwa da ƙafafunsa, gida biyu ko uku, wanda za a iya ɗorawa a mota. Mai gidan kansa kuma ya sani cewa ba dole ne komai ya zama katako ba. Magini zai iya ɗaga gajerun bulo, ya zuba kankare da rodi a kai, a lulluɓe da tayil, sannan a sa ƙofofin alminiyam ko na katako a gaba. Irin wannan kanta ba ta tsoron ruwa, gara ba ta cin ta, kuma ana iya yin ta sannu a hankali: wannan wata zubi, wata mai zuwa tayil, ƙofofi in an samu sarari. Ga mai jiran albashi, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Abu na biyu shi ne sanin kaya. Allunan da kafintocinmu ke aiki da su galibi faɗinsu ƙafa 4 ne, tsawonsu ƙafa 8, kuma daga waje duk kamarsu ɗaya, domin an lulluɓe su da leda mai sheƙi. Bambancin yana ciki. Akwai wanda ake kira MDF, garin katako ne aka cuɗa da gam aka danne. Yana da santsi, yana da sauƙin kuɗi, amma in ruwa ya shige shi ya kumbura, ba ya komawa. Akwai HDF, ɗan'uwansa ne, sai dai an fi danne shi, ya fi nauyi da ƙarfi. Akwai kuma allon marin, wanda siraran katako ne aka manne hawa-hawa, shi ya fi jure laima. Ba sai an yi kicin duka da mai tsada ba. A sa mai jure ruwa a ƙarƙashin wurin wanke-wanke da duk abin da ke kusa da ƙasa, na sama inda ake ajiye kwanuka a yi da mai sauƙi. A tambayi kaurin allo, domin mai milimita 18 da mai 15 ba kuɗinsu ɗaya ba, ba kuma ƙarkonsu ɗaya ba.

Ga gwajin da dattijon nan ya koya mini, wanda ba ya cin ko kwabo. Ka karɓi guntun allon da aka ce za a yi maka aiki da shi, ka jefa a kofin ruwa ya kwana. Da safe allon zai faɗa maka gaskiyar da mai shago bai faɗa ba. Ka kuma ajiye wani guntun, domin ranar da aka kawo aiki ka gwada ka ga ko shi ne. A lura da gefen allo inda zarto ya bi: ta nan ruwa ke shiga, don haka dole a like kowane gefe, har wanda ido ba ya gani. Kabet kuma kada ya zauna daɓas a kan daɓe, a ɗaga shi a kan ƙafafu ko ɗan dandamali, saboda ruwan wanke ɗaki. Wanda zai sa dutse a saman kanta ya bambance giranit da mabul. Mabul yana da kyau, amma lemon tsami da ruwan tsamiya suna cin fuskarsa, manja kuma yana bar masa tabo. Kicin ɗin da ake dama kunun tsamiya, giranit ko tayil ya fi dacewa da shi.

Kada a ji ƙyashin taka ƙafa zuwa kasuwa. Mu da ke Kano muna da Ƙofar Ruwa don tayil da kayan famfo, muna da 'yan katako a Na'ibawa da Rijiyar Lemo. A shiga shago uku a tambayi farashin abu ɗaya, a rubuta. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, farashin kayan da ake shigowa da su ba ya zama wuri ɗaya. Kiyasin da aka yi maka watan jiya ba lalle ya yi aiki yau ba. Shi ya sa ya fi kyau ranar da kuɗi suka shigo hannu, ranar za ku tafi kasuwa tare da mai aiki, ka biya mai shago da hannunka, ka karɓi rasit mai ɗauke da sunan kaya da adadinsu. Ƙananan abubuwa irin su hinji da mariƙin ƙofa da kan famfo, a nan ake yawan cusa jabu, alhali su ne hannu ke taɓawa kullum.

Abu na uku, wanda ya fi duka, shi ne zaɓen mutum. Hoto a waya ba shaida ba ne, kowa na iya sauko da shi daga intanet. Sabon aiki ma ba shaida ba ne, domin nawa ma ya yi kyau ranar farko. Ka ce wa kafinta ya kai ka gidan da ya yi wa aiki shekara biyu da suka wuce, aikin da ya sha damina biyu da hunturu biyu. In an yi maka izini ka shiga, ka buɗe ƙofar da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ka shinshina, ka taɓa. Ka ja durowa ka ji ko tana tafiya. Sannan a tambayi matar gidan, ba maigidan kaɗai ba: ya cika alkawarin lokaci? Da abu ya lalace, an kira shi ya zo? Gani ya kori ji. Mai aikin kirki murna yake yi da irin wannan buƙata. Wanda ya fara kame-kame, ya riga ya ba ka amsa.

Ka san shagonsa da ƙafarka, ka san maigidan da ya koya masa sana'a, ka san ko yana cikin ƙungiyar masu sana'arsa. Mutumin da ba shi da adireshi sai lambar waya, ranar da ya kashe wayar ya ɓace. In kuma mutum uku sun yi maka kuɗi, ɗaya ya faɗo ƙasa warwas, kada ka yi murna tukuna. Ka tambaye shi allon da zai sa, da kaurinsa, da adadinsa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Haka nan a yi hattara da aikin ɗan'uwa ko na suruki. Ba haramun ba ne, amma in aiki ya ɓaci, kunya za ta hana ka magana, ka yi asarar kuɗi, zumunci kuma ya yi tsami.

Abu na huɗu, a rubuta. Mu malamai ne, ba ma shiga aji sai da tsarin darasi a rubuce, amma sai mu miƙa albashin wata huɗu a kan "Allah ya kai mu". Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Rubutu ba rashin yarda ba ne, kariya ce ga ɓangare biyu. Takarda ɗaya ta isa: zanen aikin da awonsa, irin allo da kaurinsa, kuɗin kaya daban, ladan aiki daban, ranar farawa da ranar gamawa, da wanda zai gyara in abu ya lalace cikin wata shida. Ku sa hannu, shaidu biyu su sa. Ladan aiki a raba shi uku: kafin alƙalami, sai kashi na biyu in an kawo aiki an kafa, na ƙarshe kuma bayan an yi mako biyu ana girki ana wanke-wanke a ciki. In rigima ta taso, ko gaban shugaban kafintoci aka je, ko gaban mai unguwa, ko kotu, abin da za a fara tambaya shi ne wannan takarda.

A kuma bi aiki daki-daki. Mai famfo da mai wayarin su fara, a saki ruwa a bar shi kwana biyu a ga ko akwai ɗiga, a sa tayil, sannan kafinta ya zo ya yi awo. Wanda ya yi awo kafin tayil, sai an yi fashe-fashe.

Akwai magana ɗaya da ta wuce ta kuɗi, ita ce ta rai. Kada a yarda a kulle tukunyar gas a cikin kabet marar iska don neman kyau. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya ya taru, ƙyastu ɗaya ya ishe shi. In da hali a ajiye tukunya a waje cikin inuwa, a tsaye, a huda bango tiyo ya shigo. In babu hali, a bar mata wuri buɗaɗɗe, kicin kuma ya kasance da taga. Soket kada ya zauna dab da famfo ko saman wuta.

Kafin in zauna, adalci ne in juyo da maganar kanmu. Ba kullum mai aiki ne mai laifi ba. Akwai malamin da zai sa a fara aiki alhali rancen bai fito ba, akwai malamar da za ta sauya zane bayan an yanka allo, akwai mai riƙe cikon kuɗin kafinta wata da watanni yana cewa sai an yi albashi. Mu da muka san ɗacin jiran haƙƙi, bai kamata wani ya ɗanɗana shi a hannunmu ba. In ya cika sharaɗi, a cika masa a ranar da aka rubuta. Kafinta na gari ma yana zaɓen wanda zai yi wa aiki.

Ina da roƙo biyu ga shugabannin reshe. Na ɗaya, a ajiye littafi a ofis, duk memban da mai sana'a ya yi wa aiki, bayan shekara guda ya zo ya rubuta yadda aikin ya kasance. Cikin ɗan lokaci za mu samu jerin kafintoci da magina da masu famfo waɗanda mu da kanmu muka gwada. Na biyu, a tsara takardar yarjejeniya mai shafi ɗaya da Hausa, a riƙa haɗa ta da takardar rance. Ni na ɗauki nauyin rubuta daftarin farko, in kawo wa sakatare kafin taro mai zuwa, domin kada wani ya sake biyan bashin wata uku a kan abin da ke jingine a tsakar gida.

Abin da na faɗa daidai, Allah ya amfane mu da shi. Inda na yi kuskure, akwai waɗanda suka fi ni sani a wannan zaure, su gyara mini. Allah ya sa albarka a ɗan abin da muke samu, ya rufa mana asiri, ya ba marasa muhalli nasu na kansu.