Yinin Sarkin Kano Alhaji Abdullahi Bayero

 Abin da za a faɗa yau shi ne yadda Sarkin Kano Alhaji Abdullahi Bayero ya kan yini, da yadda yinin nan nasa ya rataya ga aikin ƙaramin malami na ƙauye.

Abdullahi Bayero ɗan Sarki Abbas ne. Ya yi Ciroman Kano, ya yi hakimci a Bici, sa'an nan ya hau gadon sarauta a 1926, ya zauna a kai har Allah ya karɓi ransa a watan Disamba na 1953. Shi ne na goma cikin sarakunan Fulani na Kano. Da ya ke ya zauna a ƙasa ya ga yadda a ke ƙirga mutane, a ke karɓar haraji, ba a iya ruɗinsa da takarda.

Yininsa daga asuba ya ke farawa. In ya idar da salla ya yi wuridinsa, sai na kusa da Sarki su faɗi su yi gaisuwa, su gaya masa abin da ya kwana a gida da gari. Da hantsi ya fito fada a Gidan Rumfa, ya zauna da 'yan majalisa. Kowanensu da abin da ya ke riƙe. Madaki ke duban hakimai da al'amuran ƙasashensu, Waziri ke duban alƙalai, Galadima ke riƙe da birni, Ma'aji kuwa Beitulmali ke hannunsa. Kowa ya kawo abin da ya zo masa, a karanta, a yi shawara, Sarki ya yanke.

To, daga ina takardun nan su ke fitowa? Daga garuruwa irin Dugabau su ke fitowa. Tun zamanin Sarki Abbas aka fitar da hakimai daga birni, kowa ya koma ya zauna a ƙasarsa. Daga nan hanya ta zama ɗaya. Mai unguwa ya gaya wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, malamin hakimi ya rubuta, ɗan aike ya kai birni wurin Madaki, Madaki ya shigar gaban Sarki. Da damina lissafin jangali ne, da kaka lissafin haraji. In agana ta ɓulla, ko fara ta sauka, ko gobara ta ci rumbuna, ta hanyar nan labari zai bi. Kome hikimar Sarki, abin da aka rubuto masa daga ƙauye shi zai duba. In malami ya ƙirga mamaci cikin masu rai, 'yan'uwan mamacin za su biya masa haraji. In ya rage mutum goma don dagaci ya sa kuɗinsu aljihu, Beitulmali ta yi hasara, kuma an sa Sarki ya sa hannu bisa ƙarya bai sani ba.

In majalisa ta tashi sai shari'a. Majalisar Sarki ita ce babbar kotun ƙasar Kano a lokacin. Nan a ke kawo rigimar gona da ta gida, da ƙarar wanda bai yarda da hukuncin alƙali ba, da shari'ar kisan kai, ko da ya ke ba a zartar da kisa sai Gwamna ya tabbatar. Talaka ya kan taso da ƙafa daga yammacin ƙasa, ya kwana a hanya, ya zo Ƙofar Kudu ya ce dagaci ya ƙwace masa gona. A kan saurare shi, a aika a kira wanda ya yi ƙara. Dagacin da aka kama da cin haraji rawaninsa ya kan tafi, wani lokaci har da ɗauri. Sanin ƙofar nan a buɗe ta ke shi ya hana mutane da yawa miƙa hannu inda bai kamata ba.

Bayan azahar da la'asar akwai baƙi, da malamai, da zagayen duba ayyuka. Akwai kuma ganawa da Razdan, wanda ke zaune a Nasarawa, gama a zamanin nan ƙasa tana ƙarƙashin Turawan Ingila, kasafin kuɗin En'e kuwa ba ya tafiya sai da yardarsu. Ran Jumma'a Sarki ya fita masallaci, jama'a su gan shi. Da Salla ga hawa, hakimai duka su shigo birni da dawakinsu su yi jafi. Wani lokaci aiki ya kan fitar da shi daga Kano: rangadi cikin ƙasa, taron sarakuna a Kaduna, tafiya Ingila a 1934, da hajji a 1937, wanda ya sa a ke kiransa Sarki Alhaji.

Abin da zaman nan na kullum ya haifa a bayyane ya ke. Shekara ɗaya da hawansa aka yi yunwar 1927, wadda ta nuna amfanin labari ya iso birni da wuri. A 1931 aka buɗe aikin ruwan famfo da lantarki na Kano, ruwan daga kogin Calawa. A 1934 aka kafa makarantar koyon shari'a don horar da alƙalai, aka ɗauko malamai daga Sudan. A 1951 aka buɗe sabon babban masallacin Jumma'a. Kuɗin ruwan famfon nan daga ajiyar Beitulmali suka fito, ajiyar kuwa sulallan manoma ne da makiyaya, har da na mutanen Dugabau, waɗanda ruwan bai iso ƙofarsu ba. Wannan ma gaskiya ce da ya kamata a riƙa tunawa.

Sarki goma, zamani goma. An karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e bayan hawan soja a 1966, sa'an nan tsarin ƙananan hukumomi na 1976 ya maye gurbinta. Yau Dugabau tana cikin ƙaramar hukumar Kabo. Amma shugaba, ko na ƙasa ko na jiha, har gobe da abin da na ƙasa da shi suka rubuto ya ke yini. Saboda haka wanda duk aka ba alƙalami ya ƙirga jama'a, ya ƙirga su daidai.

Allah ya ji ƙan Sarki Alhaji, ya ji ƙan malaman da suka yi masa aiki da amana, ya ba na baya ikon koyi da su. Amin.