Abinci kaɗai ba ya isar ɗan Adam

Maganar yau a kan lafiyar zuciya take.

Kowa ya san mutum yana bukatar abinci da ruwa da wurin kwana. Amma akwai bukatun da ido ba ya gani: kwanciyar hankali, sana'a, zama cikin dangi, da mutunci. In mutum ya rasa su, zuciyarsa takan kamu da ciwo, ko da cikinsa a ƙoshe yake.

Mutanen jihar Diffa sun ga haka. A watan Fabrairu na 2015, Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa. Dubban mutane suka bar garuruwansu na bakin Komadugu da tsibiran tabkin Cadi. Da yawa suka kafa bukkoki a gefen babbar hanya mai lamba 1. A wannan shekara gwamnati ta hana hawan moto da cinikin kifi da tattasai, saboda tsaro. Sai daga baya aka sake buɗe cinikin.

An raba hatsi, an haƙa rijiyoyi. Amma magidancin da ya saba ciyar da gidansa da tattasan gonarsa ya koma bin layin taimako. Wannan yana cin rai. A 2019 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ce inda ake yaƙi, wajen mutum 1 cikin 5 yana fama da ciwon zuciya ko na hankali.

Ga alamunsa: rashin barci, firgita, yawan faɗa, ƙin cin abinci, da gudun mutane. Yaro kuma yakan daina wasa, ko ya koma fitsarin kwance.

Wannan ba abin kunya ba ne. Ciwo ne, kuma yana da magani.

To, me za a yi? A ziyarci mai shi, a saurare shi, kada a yi masa dariya. A kira shi wurin biki da aikin gayya. A ba shi aron gona ko ɗan jari, don ya ci guminsa. A sa yara makaranta. In abin ya daɗe, ko ya fara maganar kashe kansa, a kai shi gidan likita ran nan. Kada a ɗaure shi, kada a buge shi.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabtansa wannan. Allah ya ba da lafiya da zaman lafiya.