Ciwon Sukari Da Mantuwar Dattawa



Maganarmu ta yau a kan dattijo mai ciwon sukari ce, wanda ya fara mantuwa. Galibi mukan ce rikicin tsufa ne, mu ƙyale shi. To, ba kullum ne haka abin yake ba.

Ƙwaƙwalwa wajen kashi 2 cikin 100 ce ta nauyin jiki, amma ita kaɗai tana cin kusan kashi 20 na ƙarfinsa, kuma sukari ne abincinta. Idan sukari ya daɗe yana yawa a jini, yakan ɓata ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da ita, kamar yadda yake ɓata na ido da na ƙoda.

Sai dai faɗuwar sukari ta fi hawansa saurin yin lahani ga tsoho. Da zarar awo ya yi ƙasa da 70, akwai haɗari. Matashi zai ji rawar jiki da gumi, ya nemi abinci. Tsoho kuwa sau da yawa ba ya jin kome, sai dai a ga ya rikice, yana surutai ko faɗa ba dalili, har wasu iyalai su ce iskoki ne. In yana iya haɗiya, a dama masa ƙaramin cokali 3 na sukari a ruwa, a sake awo bayan minti 15. In ya suma, kada a ɗura masa kome, a kai shi asibiti nan da nan.

Ku lura da yadda abin ke zagayawa: mai mantuwa ya sha magani sau biyu, ko ya sha bai ci abinci ba, sukari ya faɗi, mantuwa ta ƙaru. A Amurka an gwada matse sukari ƙwarai a wani bincike na mutum fiye da 10,000, amma a 2008 aka dakatar da wannan tsari saboda mace-mace sun ƙaru, kuma daga baya ba a ga ya gyara tunani ba. Shi ya sa likitoci ke sassauta ma'auni ga tsoho mai rauni.

Saboda haka lalle ne mutum ɗaya a gida ya riƙe maganin, yana bayarwa da hannunsa. Mai shan glibenclamide, wanda ke daɗewa yana aiki a jiki, a tambayi likita ko ya dace a sake masa wani. Haka kuma a kai dattijo ya ga likita tun cikin watan Sha'aban, kafin ya ɗauki azumi.