Man Bilicin da Kwallin Jarirai: Gubar da Muke Saya da Kuɗinmu

Jawabi ga matan zumunta na ikilisiyoyin Dutse da kewaye



Da aka ce zan yi magana a kan kayan kwalliya, wata uwa ta ja ni gefe ta ce, "To 'yata, yau ki gaya musu jan baki zunubi ne." Mama, ki yi haƙuri, ba abin da ya kawo ni ke nan ba. Esta ta yi wata goma sha biyu ana gyara ta kafin ta shiga wurin sarki. Masana kuma sun ce sunan 'yar Ayuba ta uku, Keren-haffuk, ma'anarsa ƙahon zuba kwalli. Ado ba laifi ba ne. Damuwata ita ce abin da ke cikin kwalbar, da kuma wanda yake shan wahalarsa, domin sau da yawa yaro ne da ba a tambayi ra'ayinsa ba.

Bari in fara da kwalli, tun da kusan kowaccenmu tana da tandu a ɗaki. Dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa, yawancinsa dalma ce. A shekarar 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka suka auna jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan iyaye 'yan Najeriya, suka ga gubar dalma. Aka bincika gidan, sai aka gano kwallin da ake sa masa ne. Da aka auna kwallin, fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Yaya take shiga jiki? Yaro ya murza ido, ya kai hannu baki. Kullum haka, har wata da watanni.

Kun tuna Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara kimanin 400. Ta kwalli ba ta kashewa haka farat ɗaya, shi ya sa ba ma tsoronta. Tana taruwa ne a hankali, ta rage wa yaro jini, ta taɓa ƙwaƙwalwa. Sai ya kai aji uku bai iya karatu ba, mu ce daƙiƙi ne, mu yi ta dukansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Na sani kakanninmu sun ce kwalli yana wanke ido, kuma da ƙauna suka yi. Amma idon jariri ba ya bukatar komai sai tsabta, haka ma cibiyarsa, sai maganin da aka ba ku a asibiti.

Sai man bilicin. A nan kada kowa ta kalli ta kusa da ita, mu duka abin ya shafa. Abubuwa uku ake zubawa a ciki. Na farko, a jikin kwalba za ku ga an rubuta Hydroquinone. Yana hana fata yin baƙin da Allah ya sa mata don kare ta daga rana. Ku duba irin ranar Dutse a watan Afrilu, ga mace tana gona ko tana tallar abinci, ta cire wa jikinta laima. Bayan shekaru kumatu su ƙone su yi baƙi ƙirin, baƙin da yake da wuyar fita.

Na biyu, magungunan ƙaiƙayi masu ƙarfi irin su Clobetasol, waɗanda likita ke bayarwa na 'yan kwanaki, amma ake matsa su cikin mai ana shafawa shekara da shekaru. Fata ta yi laushi kamar takarda, nankarwa ta fito, makero da ƙuraje su yi yawa, wasu har hawan jini da ciwon suga. Ranar da haihuwa ta zo da gardama aka yi tiyata, ɗinki ya yi ta jinkirin kamawa. Wadda ta daɗe a kan irin wannan kada ta yanke shi rana ɗaya, jiki zai yi bore. Ta ɗauki kwalbar ta je asibiti a nuna mata yadda za ta rage.

Na uku shi ne ya fi ba ni tsoro, wato zaiba, wadda 'yan boko ke kira makuri. Tana ratsa fata ta lalata ƙoda da jijiyoyi. Tana bi ta mahaifa ta kai ga ɗan da ke ciki, tana fita ta ruwan nono, tana maƙalewa a tawul da zanen gado. Uwa ce ta shafa, amma gida duka ya samu rabonsa. Masu zuba ta kuwa ba kasafai suke rubutawa a kwalba ba.

Hukuma ta san da maganar. Dokar NAFDAC ta 2019 ta hana zuba zaiba da waɗancan magungunan ƙaiƙayi a kayan shafa, ta kuma hana Hydroquinone ya wuce kashi 2 cikin ɗari. A 2023 shugabar hukumar, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Amma wace doka ce za ta bi mai haɗin da ake damawa a roba, babu suna babu lamba, a kawo daga Kano ko a saya a kasuwar Shuwarin? Shi ne kuma ake shafa wa yara yanzu, wai don su yi haske kafin Kirsimeti. Na ga yarinya 'yar shekara huɗu da gaɓoɓin yatsu baƙi, fuska ja. Na kasa cin abinci ran nan.

Baƙin lallen amare ma ku kula. Lallen ganye ja yake kamawa. Wanda ya yi baƙi wuluk cikin minti kaɗan an haɗa shi da rinin gashi, yana iya tayar da bororo ya bar tabo.

Iyayenmu maza, ku ma ga naku. Wa yake yabon farar mace a gaban matarsa? Wa yake cika akwatin lefe da mayukan da bai karanta ba? Man kaɗanya da basilin sun ishe mu hunturu, kuma sun fi araha.

Maƙwabtanmu Musulmi kasuwa ɗaya muke ci da su, gidan suna ɗaya muke shiga. In kin ga ana ɗaukar tandu za a sa wa jariri, ki faɗa wa mai jego abin da kika ji yau, cikin ladabi, ba a gaban surukarta ba.

Shugabannin zumunta, roƙona shi ne a taronku na mako mai zuwa kowace mace ta zo da man da take shafawa, da na yaranta. A kowace ikilisiya akwai malamar makaranta ko ma'aikaciyar lafiya da za ta karanta muku abin da ke jiki. Wadda take jin kunya ta ba matar fasto a ɓoye. Masu tambaya kuma, ina nan bakin ƙofa bayan addu'ar rufewa.