Daga Ɗakin Gwaji a Faransa Zuwa Rugar Makiyayi



A birnin Monpeliye da ke kudancin Faransa, cibiyoyin CIRAD da IRD suna binciken sammore, cutar da ƙudan tsando ke sa wa shanu. Ɗalibin da ya je can neman digirin dakta a ilimin ƙwayoyin halitta yakan shafe shekara 3 a kan tambaya ɗaya tak.

Yaya aikin yake? Jinin shanu ana adana shi a firji mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili. Ɗalibi zai tace ƙwayar halittar cutar daga jinin, ya sa a na'urar PCR, dabarar da aka ƙirƙiro a 1983. Na'urar tana ninka ɗan guntun sau miliyoyi, har a gano cutar ko da madubin likita bai gan ta ba. Aikin mako biyu kan lalace a dare guda, a sake daga farko. Ga sanyin hunturu, ga kewar gida.

To, ina ruwanmu? Irin wannan bincike ne ke nuna inda Berenil da Samorin suka fara daina aiki. Rabin allura da jabun magani su ke koya wa cutar taurin kai.

Malam makiyayi, yi wa saniya cikakkiyar allura gwargwadon nauyinta, bisa shawarar likitan dabbobi. Ɗan kasuwa kuma, duba ranar lalacewar magani kafin ka tsallaka da shi. Allah ya albarkaci garke.